Yadda na haɗa jeli mai alawa a ƙananan kofuna ba tare da giya ba

A liyafofin Amurka akwai wani abin ci da ake zubawa a ƙananan kofunan roba masu murfi, a jera su a faranti launi-launi, kowanne bai wuce loma biyu ba. Jeli ne da aka daskarar, wani lokaci a ɗora masa alawa a kai, kuma a asalinsa na manya ne, domin rabin ruwan sanyin da ake haɗa shi da shi giyar vodka ce. Amurkawa suna kiransa jello shots, kuma daskarar da barasa a cikin jelatin tsohuwar sana'a ce a wurinsu, tun da wani mai haɗa giya a New York, Jerry Thomas, ya bayyana yadda ake yin irinsa a littafin da ya fitar a 1862. Abin da ƙawayen makaranta suka gani a gidajen maƙwabta shi yaranmu suke so, don haka da 'yar wana ta kammala sakandare a Bronx, wani yanki na birnin New York, aka tashi shirya mata walima, ta zo ta same ni ta ce, "Gwaggo, irin kofunan nan nake so, amma namu na halal." Na amsa mata, sannan na zauna na duba abin da zai buƙata.

Cire giyar shi ne mafi sauƙi a cikin aikin, domin ruwan 'ya'yan itace yana maye gurbinta ba tare da wata matsala ba, har ma ya fi ta saurin daskarewa. Inda maganar take shi ne jelatin ɗin kansa. Ana samun sa ne daga fata da ƙashi da jijiyoyin dabbobi, ta hanyar jiƙa su da dafa su har wani furotin da ke cikinsu ya narke ya fito, a tace, a busar, a niƙa ya zama gari. Duk wadda ta taɓa barin farfesun ƙafar sa ya kwana ta tarar da romon ya kama jikinsa yana rawa, to ta ga jelatin da idonta. Matsalar ita ce kaso mai yawa na wanda ake sayarwa a duniya daga fatar alade ake yin sa, kuma kwalayen da suka cika manyan kantuna ba sa bayyana dabbar. Kwalin garin jeli na Jell-O, wanda aka fara sayarwa da wannan sunan a garin LeRoy na jihar New York a 1897, kalmar jelatin kawai yake rubutawa a jerin kayan haɗinsa. Garin jelatin na Knox marar ɗanɗano na alade ne.

Malamai sun saɓa a kan wannan. Wani taron malaman fiƙihu da likitoci da aka yi a Kuwait a 1995 ya tafi a kan cewa jelatin ya rikiɗe daga asalinsa ya zama wani abu dabam, saboda haka ya halatta, amma hukumomin tantance abincin halal, irin na Malesiya da Indonesiya, ba sa sa hatiminsu a kan na alade. Ni dai ra'ayina shi ne mai ciyar da jama'a ba ya zaɓa wa baƙinsa fatawa, domin a zauren walima akwai mai bin wannan akwai mai bin wancan, kuma babu wanda zai ƙi jelatin ɗin saniyar da aka yanka bisa shari'a. Na je wani kantin 'yan Pakistan na sayi gari marar launi marar ɗanɗano, na shanu, mai ɗauke da tambarin hukumar tantancewa a jikin kwalin. Akwai na kifi a kantin, sai dai na bar shi saboda ya fi na shanu saurin narkewa, ga shi kuma walimar ta faɗo a ƙarshen watan Yuni.

Alawar ta fi jelatin ɗin cin lokaci, domin ita ma sai an karanta bayan kowace leda. Alawa mai danƙo irin wadda ake yi da siffar ɗan beyar, wadda kamfanin Haribo na birnin Bon a Jamus ya fara yi a 1922, da jelatin ake yin ta, kuma abin da ke bambanta leda da leda shi ne masana'antar da ta fito. Wadda aka yi a Turkiyya ta shanu ce, an kuma rubuta haka a jikinta, ana samun ta a kantunan Larabawa da Turkawa. Swedish Fish da Sour Patch Kids ba su da jelatin, da sitaci ake ɗaure su. Farar alawar nan mai laushi da yara suke gasawa a wuta yawancinta da na alade ake yi, sai in an nemi ta halal ta musamman. Akwai kuma jan launi mai lamba E120 da ake samu daga wani ƙwaro, wanda wasu suke ƙyamata, shi ma na guje masa. Har ruwan banila na ajiye a gefe, saboda dokar Amurka ta ce duk ruwan banila na ainihi sai ya ƙunshi aƙalla kashi 35 cikin 100 na barasa, kuma tunda jelin ba a tafasa shi, babu dalilin sa shi a ciki.

Daga nan sai lissafi. Kofunan da ake amfani da su na oza biyu ne, wato kimanin mililita 60, amma ba a cika su, domin sai an bar wa alawa da murfi wuri. Na tsayar da mililita 45 a kowane kofi, kofuna 120, iri uku, arba'in-arba'in, ke nan kowane iri zai ci lita 1.8. Ƙa'idar da aka saba ita ce giram 7 na garin jelatin yana daskarar da rabin lita, sai dai wannan na jelin da za a ci a gida ne daga firij kai tsaye. Wanda zai yi tafiya a mota, ya zauna a kan tebur, ya kuma ɗauki nauyin alawa, yana buƙatar ƙari, saboda haka na yi aiki da giram 20 a kowace lita. Da sikelin kicin na auna, ban yi da cokali ba, domin garin wani kamfanin ya fi na wani laushi, cokali ɗaya ba ya ba da nauyi ɗaya.

Na fara da na tuffa, wanda ya fi sauran sauƙi. Na zuba mililita 400 na ruwan tuffa mai sanyi a faffaɗan kwano, na barbaɗa giram 36 na garin a kansa a hankali yadda zai bazu ko'ina, na bar shi minti goma ban taɓa ba. Wannan jiƙon ba a tsallake shi, domin idan aka zuba garin kai tsaye a ruwan zafi, bayansa yana narkewa ya rufe cikinsa, sai a samu gudaji-gudaji waɗanda ko an kwana ana juyawa ba za su saki ba. Da ya sha ruwa ya kumbura, na ɗumama wani mililita 600 har ya fara tururi amma bai tafasa ba, na juye a kai, na juya da cokali har na daina ganin ƙwaya ko ɗaya idan na ɗaga cokalin a haske. Tafasa tana rage wa jelatin ƙarfi, kuma tana fito da ɗan ƙarnin dabba da ba a so. Sauran mililita 800 na ƙara a ƙarshe, bayan na bar shi a waje ya huce daga sanyin firij, saboda ruwa mai tsananin sanyi yana sa jelatin ya kama nan take ya yi zare-zare.

Na zobo shi ne wanda na fi ba hankali, kuma shi ne ya fi karɓuwa a wurin manya. Busasshen zobo ba ya wahalar samu a Bronx, akwai shi a kantunan 'yan Afirka ta Yamma, akwai shi kuma a na 'yan Meziko, waɗanda suke shan sa sosai, har ƙasarsu ta daɗe tana sayen mai yawa daga Nijeriya, musamman na Jigawa da Kano. Abubuwa biyu ne suke iya hana shi daskarewa. Na farko tsaminsa, domin ruwa mai tsami yana raunana jelatin, shi ya sa na ɗaga ma'aunin zuwa giram 25 a kowace lita, wato giram 45 gaba ɗaya. Na biyu kayan da muka saba sa masa. Ɗanyar abarba tana ɗauke da wani sinadari mai suna bromelain wanda aikinsa yanyanka furotin, ɗanyar citta ma tana da nata, haka gwanda da kiwi da ɓaure, kuma da yake jelatin furotin ne, idan waɗannan suka shiga ɗanye, ruwan zai kwana a firij ya wayi gari yana ruwa. Zafi yana kashe waɗannan sinadarai, saboda haka maganin shi ne duk abin da za a sa a dafa shi tare da zobon. Na wanke zobon, na zuba shi a tukunya da yankakkiyar citta da abarba da kanumfari kaɗan, na bar su suka tafasa sosai na kusan minti ashirin, na tace da mataci sannan na sake tacewa da farin ƙyalle don kada ƙasa ko tsaki su zauna a gindin kofi. Masu matsa ruwan ɗanyar abarba a ƙarshe don ƙamshi, a abin sha hakan daidai ne, amma a jeli ba ya yiwuwa.

Sukarin zobon na ƙara shi fiye da yadda nake sha, domin sanyi da daskarewa suna rage jin zaƙi a harshe, sai dai ban kai shi ƙarshe ba tunda akwai alawa a kai. Na ɗebi wani ɓangare na bar shi ya huce sarai na jiƙa garin a ciki, sauran matakan kuma suka bi yadda na yi na tuffa.

Na uku mai hawa biyu ne, mangwaro a ƙasa, madara a sama. Ruwan mangwaron na kwali ne wanda masana'anta ta riga ta dafa, madarar kuma ta gwangwani ce mai kauri da zaƙi da na sirka da ruwa. Na zuba mangwaron ya kai kashi biyu cikin uku na abin da kofin zai ɗauka, na sa a firij kimanin minti arba'in, har sai da samansa ya kama amma yana ɗan maƙale wa yatsa idan aka taɓa. A wannan gaɓar hawa na biyu yake riƙe na farko. Idan aka bari na ƙasa ya bushe ya yi santsi, hawa biyun suna rabuwa a cokali, idan kuma aka zuba madarar da zafinta, tana narkar da saman mangwaron launukan su cakuɗe. Na jira ta koma ɗumin da ba a jin sa a bayan hannu, na zuba ta bayan cokali don kada ta huda na ƙasa. Ban haɗa madara da zobo ba, ko da yake ja da fari za su yi kyau, domin tsamin zobo yana tsinka madara.

Zubawa a kofuna aiki ne na haƙuri kawai. Na jera su a tiren gashi tun kafin na fara, na yi amfani da ƙaramar buta mai siririn baki, kumfar da ta taso kuma na kwashe ta da cokali tun tana cikin kwano. Abin da ya kamata a kula da shi a nan shi ne murfi. Ban rufe kofunan ba sai da suka yi sanyi suka daskare, domin idan aka rufe su da sauran ɗumi, tururi yana taruwa a cikin murfin ya ɗiga a saman jelin, kuma wannan ɗan ruwan shi ne yake lalata alawa daga baya. Firij ɗin yana kan digiri 4 a ma'aunin Salsiyus, kuma ko da yake awa uku zuwa huɗu sun isa, na bar su suka kwana, domin jelatin yana ci gaba da ƙara ƙarfi har washegari. Bayan sun kama aka rufe, sai suka hau kan juna, firij ya samu sarari. Firiza kuwa ba wurinsu ba ne ko da ana sauri, saboda ƙanƙara tana farfasa jikin jelin, idan ya narke sai ruwa ya tsattsafo ya bar shi a yamutse.

A daren na ware wasu kofuna na ɗora musu alawa iri-iri don in ga yadda kowace za ta kwana, kuma abin da na tarar da safe shi ya tsara mini aikin ranar walima. Jeli kusan dukkansa ruwa ne, sukari kuma yana jan ruwa duk inda ya same shi. Alawa mai ɓawon launi irin Skittles ta zubar da launinta ya malale a saman jelin, ita kuma ta koma fara. Mai barbaɗen sukari da tsami ta jiƙe, barbaɗen ya narke ya zama ruwa mai yauƙi. 'Yan beyar ɗin sun sha ruwa sun kumbura sun yi laushi har siffarsu ta fara ɓacewa. Cakulan ne kaɗai ya kwana yadda aka ajiye shi, saboda mai ne ya yi masa yawa, ruwa ba ya shiga jikinsa. Alawar Pop Rocks ban ma gwada ta da dare ba, domin iskar gas ce aka kulle a cikin ƙwayoyin sukari, da zarar ta taɓa danshi take fashewa, don haka ko minti biyar ba ta jurewa a kan jeli.

Dabarar da Amurkawa suke yi ita ce su sa ɗan bugaggen kirim tsakanin jeli da alawa, kuma tana aiki, domin man da ke cikin kirim ɗin yana jinkirta isar danshi. Na yi haka a kan na zobo da na tuffa, na bar na madara ba kirim, na tanadar masa cakulan da aka goga. Amma kirim yana zuwa da nasa sharaɗin, domin ƙa'idar hukumomin abinci na Amurka ita ce abu mai saurin lalacewa kada ya wuce awa biyu a waje, idan zafi ya haura digiri 32 kuma awa ɗaya. Saboda haka ban yi wa kofunan ado a gida ba. Na kai su zauren a rufe babu komai a kansu, a cikin manyan kuloli, ƙanƙara a ƙasa cikin leda da tawul a tsakani don kada gindin kofunan ya ƙanƙare. Jelatin yana narkewa a wajen digiri 35, ƙasa kaɗan da zafin jikin mutum, wanda shi ne dalilin da ya sa yake narkewa a baki, kuma shi ne dalilin da ya sa bayan mota a watan Yuni zai iya mayar da shi ruwa kafin a isa.

A zauren, ni da ƙawayen mai walimar muka tsaya a ɗakin baya, muna fito da tire ɗaya-ɗaya. A buɗe murfi, a taɓa saman da takardar goge hannu idan ya yi raɓa, a matsa kirim, a ɗora alawa, a fita da shi. Na tuffa ya samu 'yan beyar biyu-biyu, na zobo ya samu mai tsami saboda ta dace da cittar, Pop Rocks kuma muka zuba ta a ƙaramin kwano a gefe kowa ya barbaɗa da kansa. Ba a fito da sabon tire sai na baya ya kusa ƙarewa. Amurkawa suna zagaya yatsa a cikin kofin su juye shi a baki gaba ɗaya, wasu ma har shafa wa kofunan mai suke yi don ya zame, amma ni ƙananan cokula na ajiye, domin a taron da akwai iyaye da surukai cokalin ya fi dacewa.

Akwai wani abu da ya zama dole saboda kamannin abin. Duk wanda ya daɗe a Amurka ya san me waɗannan kofuna suke nufi a wasu wuraren, don haka na rubuta takarda da Hausa da Turanci na kafa a gaban tiren, cewa babu giya kuma jelatin ɗin na shanu ne na halal, na kuma ajiye kwalin garin da ledojin alawar a ƙarƙashin tebur. Wani dattijo daga cikin abokan wana ya karanta takardar ya dube ni ya ce, "Hajiya, alawar fa?" Na ce, "Baba Alhaji, ga ledarta," na miƙa masa, ya sa tabarau ya karanta, sannan ya ɗauki na zobo.

Ƙananan yara kuma na ware musu nasu babu alawa. Alawa mai danƙo da mai tauri suna cikin abubuwan da likitocin yara suke gargaɗi a kansu ga 'yan ƙasa da shekara huɗu saboda shaƙewa, kuma jeli a ƙaramin kofi yana da tarihinsa a wannan fannin, domin a 2002 Tarayyar Turai ta hana sayar da irin wanda ake yi da garin konjac, saiwar wani tsiro na Asiya, bayan wasu yara sun shaƙe da shi. Wancan ba ya narkewa a baki kamar jelatin, amma duk da haka na roƙi iyaye mata su ba yaransu da cokali, a zaune.

Da walimar a fili za a yi ta cikin rana, da agar zan yi amfani a maimakon jelatin. Daga ciyawar teku ake yin sa, don haka babu maganar dabba, kuma ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 85, yana iya wuni a kan tebur yana tsaye. Sai dai shi dole ne a tafasa shi kafin ya narke, yana kuma kamawa da wuri tun ruwan yana da ɗumi, saboda haka zuba kofuna arba'in yana buƙatar hannu biyu ko uku. A baki kuma karyewa yake yi, ba ya narkewa, kuma a ganina bai kai jelatin daɗi ba.

Kofunan da suka rage a cikin kula ba a yi musu ado ba na mayar da su firij a rufe, aka ci su cikin kwana uku, na zobon ma cittarsa ta ƙara fitowa. Waɗanda aka riga aka sa wa kirim suka zauna a kan tebur har aka tashi, su na zubar.